Doka wata uku ta ba ki, takaba kuwa wata huɗu ce da kwana goma

Assalamu alaikum Anti. Daga Anguwan Rogo nake rubuto miki a nan Jos, ƙanena ne yake buga min a waya. Yau kwana 47 ke nan da wata farar Hilux mai koriyar lamba ta kaɗe mijina da asuba, yana hanyar kasuwar Farin Gada inda yake sayar da kayan gwari. Ya kwana biyu a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da yara huɗu, babbar shekararta 13, ƙaramin namiji ne ko yaye shi ban yi ba. Ran sadakar uku mutanen ma'aikatar da ke da motar suka zo gaisuwa da buhun shinkafa biyu da ambulan mai naira dubu 200. A gaban jama'a wan mijina ya ce musu ƙaddara ce, mun yafe duniya da lahira. Ni ina ɗaki, ba wanda ya leƙo ya tambaye ni. Ɗaya daga cikinsu ya bar lambar waya, ya ce idan na fita takaba in zo ofis za su duba abin da za a yi. Kuɗin asibiti kaɗai ya fi abin da suka kawo, ga haya, ga makarantar yara. Ƙanena ya ce a kai ƙara. Wan mijina ya ce wannan cin kuɗin jini ne, kuma wa ya taɓa ja da gwamnati ya ci riba? Anti, ina da wani haƙƙi kuwa? In akwai, in bari sai na fita takaba? Ba na so in ɓata da dangin uban 'ya'yana.

Mai takaba, Anguwan Rogo

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa can ta fi masa nan, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki juriya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya min a rai shi ne lissafin kwanakin da kika yi, domin a kansa komai ya rataya.

Kina da haƙƙi, yaranki ma suna da shi, amma kada ki jira fitar takaba. Akwai dokar da ake kira ta kare jami'an gwamnati, asalinta tun 1916 zamanin Turawa, har yau kuma tana aiki a matakin tarayya, jihohi da yawa ma suna da irin tata. Sashe na 2 ya ce duk wanda zai kai jami'in gwamnati ƙara kan wani abu da ya yi ko ya yi sakaci da shi a bakin aikinsa, to ya shigar da ƙarar cikin wata uku. Direban ma'aikata jami'i ne a idon wannan doka. Ma'aikatar kanta ma tana shiga inuwar, haka Kotun Ƙoli ta yanke a 1998 a shari'ar Ibrahim da kwamitin kula da ma'aikatan shari'a na Jihar Kaduna. Takabarki wata huɗu ce da kwana goma, ta kuma fara ne kwana biyu bayan hatsarin. Ranar da za ki yi wankan fita, ƙofar kotu ta yi sama da kwana 40 a rufe. Lauyan gwamnati ba sai ya musanta cewa motarsu ce ba, ba sai ya ce direbansu bai yi ganganci ba. Tashi kawai zai yi ya nuna wa alƙali kwanan wata, alƙali ya kori ƙarar ba tare da ya saurari shaida ko ɗaya ba.

Mutane kan ce ai ciwon yana nan, maraicin yana nan, ta yaya lokaci zai ƙare? An taɓa kai wannan hujjar gaban kotu tun farkon shekarun 1960, a shari'ar Obiefuna da Okoye. Motar 'yan sanda ce ta kaɗe mutum, ya daɗe yana jinya, sai da ya farfaɗo ya shigar da ƙara. Kotu ta ce daga ranar da motar ta buge shi ake ƙirge, ci gaban ciwo ba ya tsayar da lissafi. Saboda haka ke ma ki ƙirga daga asubar da abin ya faru, kada ki ƙirga daga ranar rasuwa, balle daga sadakar arba'in. Kin ci 47, saura miki kwana arba'in da 'yan kai. A cikinsu ma akwai abin cirewa, domin hukumomin gwamnati da yawa dokar da ta kafa su ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce, galibi ta wata guda, kafin a maka su a kotu. Idan masu motar nan suna cikin irin waɗannan, abin da ya rage a hannunki mako biyu ne kacal. Ba a fafe gora ranar tafiya, ƙanwata. Wannan makon za a fara.

Na taɓa zama kusa da wani dattijo a barandar wata kotu, shekarun baya. Ɗansa ne wata motar hukuma ta murƙushe wa ƙafa. Ya zo da baƙar leda, ya kwance ta a cinyarsa yana nuna min: rasit na allura, rasit na hoton ƙashi, na jini leda uku, har da na keken da ya riƙa kai su asibiti ya sa an rubuta masa a bayan katin waya. Ya jera su bisa kwanan wata, ya ɗaure da robar kuɗi. Bai rasa komai ba sai lokaci. Wata biyar ya yi yana sintiri ofishin masu motar, kullum a ce fayil yana teburin oga, oga ya yi tafiya, a dawo Litinin. Ranar da lauya ya gaya masa wata uku ta wuce, bai ce uffan ba, ya mayar da takardun cikin ledar ɗaya bayan ɗaya, hannunsa yana rawa. Tun ranar ba na iya jin labari irin naki in yi shiru.

Ban ce mutumin da ya bar miki lambar waya yana da mugun nufi ba. Mai yiwuwa tausayi ne ya sa, yana ganin bai kyautu a tayar wa mai takaba da maganar kuɗi ba. Sai dai doka ba ta ƙirga tausayi. Kotuna sun sha nanata cewa zaman sulhu da musayar wasiƙu da "muna dubawa" ba sa tsayar da agogon. Ana iya shigar da ƙara a ci gaba da sulhu, kuma a gaskiya ofis ya fi sauraron wanda takardarsa ke gaban alƙali. Wanda lokacinsa ya ƙare, roƙo ne kawai ya rage masa.

Yanzu maganar wan mijinki, wadda na san ta fi ta kotu yi miki nauyi, don da shi za ki rayu, shi ne baffan yaran nan, shi zai karɓi sadakin 'yarki wata rana. Abin da ya faɗa ran sadakar uku, dubban mutanenmu sun faɗe shi da kyakkyawar zuciya. Muna jin kunyar a ce mun sayar da gawa. Amma diyya ba abin kunya ba ce, Allah ne da kansa ya shar'anta ta. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i a kan kisan kuskure ta sauka, irin wannan da ba wanda ya yi niyya, ta ce a miƙa diyya ga iyalan mamaci sai fa in su suka yi sadaka da ita. Malamai sun ƙayyade ta da raƙuma 100 ko dinari 1,000, wato zinariya mai nauyin kilo huɗu da kwata. Addinin da ya sa wa ran mutum wannan nauyi bai ɗauki karɓar diyya rashin tawakkali ba. Imani da ƙaddara da neman haƙƙi ba kishiyoyi ba ne. Mijinki ya yarda arziki na Allah ne, amma duk da haka cikin sanyin Jos yake fita kafin gari ya waye.

Ayar ta ba da damar yafewa, sai dai mai abu ne yake yafe abinsa. Diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba duk abin da mamaci ya bari. Ke kina da tumuni, ɗaya bisa takwas. Sayyidina Umar da farko yana ganin mace ba ta gadon diyyar mijinta, har sai da Dahhaku ɗan Sufyanu ya shaida masa cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuto masa ya ba matar wani mutum mai suna Ashyam rabonta daga diyyar mijinta, sai ya janye ra'ayinsa. Idan mahaifiyar mijinki ko mahaifinsa suna raye, kowannensu yana da sudusi, ɗaya bisa shida, kuma suna da ikon su yafe nasu. Ragowar ta yara ce. Shi wan mijinki, tunda mamacin ya bar ɗa namiji, ba ya cikin magada kwata-kwata, jaririn da ke bayanki ya katange shi. Ya yafe abin da ko sisi ba shi da shi a ciki. Ko da an ɗauke shi waliyyin marayun, waliyyi aikinsa tsare dukiyar maraya, ba shi da ikon kyautar da ita. Ke kanki da kika haife su, naki tumunin kaɗai za ki iya yafewa.

Kada ki je ki faɗa masa wannan da bakinki, zai ji kamar kin tsinka shi. Ki aika mahaifinki ko kawunki wurin limamin unguwarku ko wani malami da baffan yake jin nauyinsa, a karanta masa mas'alar, shi malamin ya kira shi gefe. Yawanci idan mutum ya gane cewa dukiyar marayu ce ya saki ba da sani ba, tsoron Allah kan sa ya dawo da kansa. A buɗe masa hanyar da zai dawo da mutuncinsa: ya ce shi ya yafe wa direba a zuciyarsa, ba ya riƙe da kowa, amma haƙƙin yara yana nan. A roƙe shi ya shige gaba a tafiyar, a sa shi a sahun farko duk ranar da za a je ofis. Idan ya ƙi, ku ci gaba ba tare da shi ba, ki kuma ci gaba da gaishe shi da aika masa yara ranar Juma'a kamar yadda aka saba. Furucin da ya yi a zaure bai ɗaure ki ba, bai ɗaure marayu ba.

Batun fita kuma, malamanmu na Malikiyya sun halatta wa mai takaba ta fita da rana don buƙata, ta dawo ta kwana a ɗakinta, ba ado ba turare. Neman haƙƙin marayu kafin ya salwanta buƙata ce babba. Kuma zirga-zirgar da yawa ƙanenki zai yi ta, ke sau ɗaya ko biyu za a nema ki, ki ba da bayani ki sa hannu. Lauyan kirki ma zai iya zuwa gida ya same ki.

Abu na farko da ƙanenki zai nemo gobe shi ne cikakkiyar lambar motar. A ƙasar nan lambar motar gida shuɗin rubutu gare ta, ta haya ja, ta gwamnati kore. Idan akwai FG a jiki ta tarayya ce, in ba haka ba ta jiha ce ko ta ƙaramar hukuma. Wannan bambancin ne zai nuna wa lauya wa zai rubuta wa, wane Antoni Janar, wato babban lauyan gwamnati, zai haɗa a ƙarar, ta wace kotu kuma zai shiga. Kuskure a nan yana da tsada, domin idan aka kori ƙara saboda an kai ta inda bai dace ba, kafin a gyara wata ukun ta tafi. Lambar tana cikin rahoton 'yan sandan sashen haɗurran mota, waɗanda ake ce wa MTD, a ofishin da aka kai maganar. Ya nemi kwafin rahoton da zanen wurin da suka yi, da rahoton jami'an duba lafiyar motoci na VIO idan sun duba birki da tayoyin motar. Idan 'yan Rod Sefti ne suka ɗauke shi zuwa asibiti, su ma suna da rajistar da suke rubuta rana da sa'a da lambobin motoci. Idan kuwa aka tarar ba a rubuta komai ba saboda an ce an sasanta, to ya shigar da rahoton yanzu, a rubuce, ya karɓi shaidar an karɓa.

Sai shaidu. Da asuba hanyar Farin Gada ba ta rabuwa da mutane: masu keke da ke sauke kwanduna, 'yan dako, mai shayi, masu jiran motocin kabeji. Wani ya ga gudun da motar take yi, wani ya ga ko fitilarta a kunne take, wani ma ya ɗauki hoto a waya. A nemo mutum biyu ko uku tun abin yana sabo a kansu, a rubuta sunayensu da inda ake samunsu. Shugabannin 'yan gwari na kasuwar za su taimaka, don nasu ne ya tafi. A asibiti kuma a karɓo takardar shaidar rasuwa mai ɗauke da sanadin mutuwa, da duk rasit ɗin da aka biya. Abin da aka kashe a jinya kotu ba ta ƙiyasta shi da baki, sai ta ga takarda.

Akwai wata shaidar da mutanenmu ba sa tunawa da ita, ita ce kuma take ɗaga kuɗin ko ta kassara shi. Babbar Kotu tana auna asarar da iyali suka yi ne: nawa mamacin yake kawowa gida, shekara nawa kuma ake sa ran zai ci gaba da kawowa. Ma'aikaci yana da takardar albashi. Ɗan kasuwar gwari fa? Sai an tattaro masa. Littafin da yake rubuta bashin kwastomomi, katin ƙungiyar kasuwa, bayanin asusunsa na banki ko na waya inda ake turo masa kuɗi, littafin mai adashi da ke nuna zubin da yake yi kullum, rasit na haya, na makarantar boko da na Islamiyya, shaidar dillalin da yake saro kaya a hannunsa. Ki buɗe akwatinsa da aljihunan rigunansa, na san da zafi, ki ware duk wata takarda. Wayarsa kada a sayar, kada a cire layin, kada a ba yaro ya goge saƙonni. Ki haɗa da takardun haihuwar yaran, domin shekarunsu na cikin lissafi.

A duba inshora ma. Tsohuwar dokar inshorar motoci ta 1945 ta ɗauke wa motocin gwamnati da ke bakin aiki wajabcin yin ta, amma hukumomi da yawa suna yi wa motocinsu. Ana iya gwadawa a waya ta *565*11#, a sa lambar motar a ga ko tana da rajista a rumbun kamfanonin inshora. Idan akwai kamfani a bayanta, an sami ƙofa ta biyu, kuma kamfani ya fi baitulmali saurin buɗe aljihu. Wani zai iya ce miki inshora naira miliyan 3 take tsayawa. Wannan adadin da hukumar kula da inshora ta NAICOM ta sa wa motocin gida daga Janairun 2023 na ɓarnar dukiya ne, kamar mota ko shago. Rai da rauni ba a nan aka yanke su ba.

Na san tambayar da ke bakinki: da wane kuɗi zan ɗauki lauya? Akwai hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, wadda aka fi sani da Legal Aid, an kafa ta tun 1976, tana da ofis a kowace jiha har da Filato. Dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar hatsari a cikin ayyukan da take yi kyauta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda yake naira dubu 70 tun 2024. Ke da ba ki da abin shiga yanzu kin cancanta. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, su ma suna tsaya wa zawarawa da marayu. Akwai kuma lauyoyi masu zaman kansu da kan yarda su yi aikin a biya su kaso idan kuɗi ya fito. In wannan hanyar kuka bi, a rubuta kason a takarda tun farko a gaban shaidu. Ko wanne kuka samu, kalmar farko da ƙanenki zai faɗa masa ita ce ranar hatsarin. Idan ya ji kwanan watan bai zabura ba, ya ce ku dawo wani wata, ku tashi ku nemi wani a ranar.

Lauyan zai rubuta wa shugaban ma'aikatar, ya aika kwafi ga Antoni Janar. A kai takardar hannu da hannu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku, ki adana shi inda ruwa ba ya zuwa. Daga ranar kuma kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan kowace takarda da ta fito daga wurinsu sai lauyanki ya karanta miki ita da Hausa. Akwai takardar da kan zo da 'yan kuɗi kaɗan, a ciki an rubuta cewa an biya ku duka, ba sauran magana. Ki tambayi waɗanda suka zauna a zaure ran sadakar uku ko an ba wani takarda ya sa hannu lokacin da aka miƙa ambulan. In an yi, lauya ya sani tun yanzu. Shinkafa da dubu 200 gaisuwar mutuwa ce, an gode, Allah ya saka. Kada ki ɓoye ta, ki faɗa wa lauya adadinta yadda yake, amma ba ita ce diyyar uban yara huɗu ba.

Wan mijinki ya tambaya wa ya taɓa ja da gwamnati ya ci. Tambayarsa tana da tushe, don akwai zamanin da talaka ba ya iya kai gwamnati ƙara kan ɓarnar ma'aikacinta, gadon dokar Ingila ne da ke cewa sarki ba ya laifi. Tsarin mulkin 1979 ya rushe wannan, na 1999 ya maimaita a sashe na 6 cewa ikon kotu ya haɗa da shari'a tsakanin gwamnati da kowane mutum. Ƙa'idar kuma ita ce ubangida yana ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi. Motocin hukuma sun ci rayuka da yawa a hanyoyinmu, ba talakawa kaɗai ba. Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, motar ayarin gwamnan Kogi ce ta yi ajalinsa a hanyar Lokoja a Nuwamban 2013. Ina da yaƙinin cewa yawan "mun yafe" da muke yi a madadin marayu yana cikin abin da ya sa wasu direbobin koriyar lamba suke tuƙi kamar hanyar tasu ce su kaɗai. Ma'aikatar da ta taɓa biyan diyya mai nauyi ita take fara duba birki da ja wa direba kunne.

Ba zan ɓoye miki wahalar ba. Shari'a da gwamnati tana iya ɗaukar shekaru, ana ɗagawa, ana ɗaukaka ƙara. Ko an ci, karɓar kuɗin wani aiki ne daban, domin sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da amincewar Antoni Janar, wanda shi ne lauyan waɗanda kika kayar. Shi ya sa nake ganin abin da ya fi muku shi ne a shigar da ƙarar don a tsare lokaci, sannan a matsa a yi sulhu ta Ma'aikatar Shari'a, a kai yarjejeniyar gaban alƙali ya mayar da ita hukunci, da adadi da ranar biya a rubuce. Kuɗin da ya shigo hannu bana, yara suna makaranta, ya fi wanda ya ninka shi amma sai sun girma. Sai dai kada gajiya ta sa ki karɓi abin da bai kai ya kawo ba. Ki bar lauya da dattawanki su yi ciniki, ke ki riƙe lissafin haya da makaranta na shekarun da ke gaba a matsayin ma'auni.

Za a ba ki shawarar Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a. Kyauta take aiki tun kafuwarta a 1975, tana karɓar koke cikin wata 12, tana kuma iya kiran ma'aikata ta tambaye ta. Amma shawara take bayarwa, ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, kuma zuwa wurinta bai dakatar da wata ukun nan ba. Haka ɗan majalisar mazaɓarku, haka mai unguwa, haka duk wani babba da zai ɗaga waya. Su taimaka a gefe, madalla, muddin takardar kotu ta riga ta shiga.

Shari'ar direba daban take. Idan 'yan sanda suka gurfanar da shi kan tuƙin ganganci, tsakaninsa ne da hukuma, kuma ko an ɗaure shi wannan bai sa tukunya a murhunki ba. Kina iya yafe masa a ranki, ya je ya yi kaffararsa ta azumin wata biyu a jere, diyya kuma ta fito daga inda ta wajaba. Abu guda da lauya zai so sani game da shi: aikin ofis ya fito da shi da asubar nan, ko sabgar kansa? Littafin fitar motoci na ma'aikatar zai nuna. Idan sabgar kansa ce, kariyar wata uku tana iya faɗuwa, amma ita ma ma'aikatar za ta nemi zare hannunta ta ce ba ita ta aike shi ba. Irin wannan ƙofar lauya kan laluba ta ne idan lokaci ya riga ya ƙwace. Ke naki bai ƙwace ba, kada ki dogara da ita.

Idan Allah ya sa kuɗin ya fito, a raba a gaban alƙali ko malaman gado, a rubuta rabon kowa, na yara ya shiga asusu da sunayensu wanda sai da sa hannun mutum biyu ake cirewa, ɗaya daga danginki ɗaya daga na ubansu. Wannan zai kare ki daga bakin masu cewa kin cinye, ya kuma kwantar wa baffansu da hankali.

Yau da daddare ki sa ƙanenki ya ɗauko kalanda, ya zagaye ranar hatsarin, ya ƙirga wata uku ya ja layi, ya dawo baya da kwana 30 ya ja wani. Gobe da safe ya fara da ofishin 'yan sanda, daga can ya wuce wurin lauya da lambar motar a hannunsa. Ranar da aka buga hatimi a kan takardarku, ki sa ya rubuto min in sani.